Lakar Ka-da-bijimi

A farkon shekarar 1986, injin haƙa rijiyar burtsatse na kamfanin Alhaji Mamman ya yi wata uku cur yana tsaye a yadinsu da ke Kudenda, har kajin maigadi suka fara yin ƙwai a ƙarƙashinsa. Ba lalacewa ya yi ba. Abin da ya tsayar da shi wani gari ne mai ruwan toka da ake shigo da shi daga ƙasar waje a buhunan takarda. Masu boko suna ce masa bentonayit, ma'aikata kuwa garin laka suke kiransa. Dama shi ake yi da ruwa a cikin rami, ya kumbura ya yi kauri kamar kunu, sannan famfo ya riƙa tura shi cikin rijiyar da ake haƙawa. Shi ke fito da ƙasar da injin ya niƙe, shi ke kuma yaɓe bangon rijiyar don kada ta rufta. In babu shi, kana kai wa yashi sai bango ya ruguzo ya binne maka bututu. To, a shekarar nan shigo da kaya ya gagari manya ma, balle ƙaramin kamfani. Sau biyu Alhaji Mamman yana zuwa Ikko neman garin nan, yana dawowa hannu rabbana.

Shugaban ma'aikatan injin sunansa Shekari, mutumin Zonkwa, dogo mai sanƙo, wanda ya shekara goma sha huɗu yana haƙa rijiya. Zaman kashe wando bai karɓe shi ba ko kaɗan. Kullum da safe sai ya hau kekensa daga Unguwar Mu'azu ya zo yadi, ya tayar da injin, ya saurari ƙararsa, ya shafa masa girisi, ya kashe. In ya koma gida kuma ya shiga neman abin taɓawa. Matarsa Rhoda ta ce tun da aiki ya tsaya sau uku yana cire ƙofar ɗakinsu yana gyarawa, ƙofar da lafiyarta ƙalau.

A bakin ƙofar yadin akwai rumfar Goggo Dudu mai tuwo. Bafilatana ce da aure ya kawo ta Makera shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Mijin, ma'aikacin masaƙa, ya rasu, ita kuwa ta zauna ta ci gaba da ciyar da leburorin Kudenda. Ba ta da jiki, amma muryarta daga rumfa har cikin ofishin Alhaji ake jin ta. Kowa Goggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Ranar da ruwan farko ya sauka, cikin watan Afrilu, rufin sito ya yi yoyo daidai kan rabin buhun garin laka da ya rage wa kamfanin, wanda Shekari yake adanawa kamar zinari. Takarda ta jiƙe ta fashe, garin ya sha ruwa ya kumbura, ya malalo har bakin ƙofa. Shekari na durƙushe yana kwashe abin da zai kwasu da shebur, sai ga Goggo Dudu da langar tuwonsa a hannu, don ta ga azahar ta yi bai fito ba. Tana taka bakin ƙofar sai ƙafafunta biyu suka yi gaba, ta zauna daɓas a ƙasa. Langar kuwa tana riƙe da ita sama, ko miya ba ta ɗiga ba.

"Wayyo, sannu Goggo! Ba ki ji ciwo ba?" Shekari ya nufo ta yana dafa bango.

"Karɓi tuwonka tukuna," in ji ta.

Ya karɓa. Ita kuwa maimakon ta tashi, sai ta dangwalo lakar da yatsa ta murza, ta sansana, ta sake murzawa. Sai kawai ta fashe da dariya.

"Ka-da-bijimi! Kai, har Kaduna ka biyo ni?"

Shekari ya dube ta, yana tunanin ko ta bugu a ka.

"Oga Shekari, wannan ce lakar da kuke zaman makoki a kanta wata uku? Wadda Alhaji ke hawa jirgi zuwa Ikko nema?"

"Ita ce, Goggo. Daga ƙetaren teku ake kawo ta."

"To mu a garinmu zaginta muke yi. Fili guda ne a bayan rugarmu, ya fi yadin nan sau ashirin. Ka-da-bijimi muke ce masa, don in ruwa ya taɓa wurin ba dabbar da ke iya tsayawa da ƙafafunta. Ina yarinya sau nawa na faɗi da ƙwaryar nono a ka! Faɗuwar nan da na yi yanzu, wallahi na gane ta."

Shekari ya ajiye langar a kan ganga. Ya tambaye ta launin lakar in ta bushe, ta ce ruwan toka mai ɗan kore-kore. Ya ce ana gina tukunya da ita? Ta ce ina, matar da ta taɓa gwadawa sai da ta yi kuka, tun kafin a kai su wuta duk suka tsattsage. Ya ce ciyawa na fitowa a wurin? Ta ce ko tsinke. Yana jin haka ya manta da tuwo, ya miƙa mata ƙotar shebur ta kama ta tashi, suka nufi ofis, bayan zanenta sharkaf da laka.

Alhaji Mamman ya saurare su yana jan carbi. Da sayar da kayan famfo ya fara a Tudun Wada, kuma mutum ne da ba ya son gaggawa. Ya ce ya taɓa jin masana na cewa akwai irin wannan laka a gabashin ƙasar nan, amma bai taɓa jin an gano ta da faɗuwa ba.

"Alhaji, injin yana zaune, mu ma muna zaune," in ji Shekari. "In mun je ba ita ba ce, ai mun kai Goggo ganin gida."

"Shekara shida rabona da gida," Goggo ta ƙara, "in dai kana neman lada."

Alhaji ya yi dariya, ya ce su ɗauki a-kori-kura, Benson direba ya ja su.

Kwana biyu bayan nan suka kama hanya da sassafe. Goggo ta bar wa maƙwabciyarta rumfa, ta cika rabin motar da tsaraba: atamfa 'yar Kakuri, sabulu, sukari, goro, da fitilun ƙwai sababbi guda biyu. Diga da shebur da buhunan Shekari sai a gefe aka cusa su. Suka bi ta Saminaka suka hau Jos, suka kwana a Bauchi, washegari suka wuce Gombe suka bar kwalta. Daga nan Goggo ce ta zama mai nuna hanya, da kuka da tsamiya take gane kwana. Sau biyu tana ɓatar da su, duk sau biyun ta ce laifin Benson ne.

Wuro Tilde ƙasar shanu ce. Fili ne shimfiɗe iyakar ganinka, sai ƙaya jefi-jefi da garkunan fararen shanu masu dogon ƙaho. Damina ba ta kai can ba tukuna, ciyawa duk ta ƙone. Arɗon wurin, Usman, yayan Goggo ne uwa ɗaya uba ɗaya. Tsoho ne siriri mai farin gemu, ba ya magana sai ya ga dalili. Aka yi murna, aka yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu, aka kawo wa baƙi fura da kindirmo. Sai da la'asar ta yi sanyi Goggo ta faɗa masa abin da ya kawo su.

Arɗo ya dubi Shekari, ya dubi motar, ya juya ya yi wa ƙanwarsa wata tambaya da Fillanci. Ta kwashe da dariya.

"Me ya ce?" in ji Shekari.

"Wai lafiyarka ƙalau kuwa? Tafiyar kwana biyu don laka."

"Ki gaya masa sai na ga wurin zan san amsa."

Arɗo ya yi murmushi, ya ce da Hausa rangaɗau, "Tashi mu je ka gani, baƙo."

Wurin ba nisa, bayan wani ɗan tudu ne, gab da burtalin da shanu ke bi zuwa kiwo. Ƙasa ce tsirara, samanta ya farfashe ƙanana-ƙanana kamar an barbaza gugguru. Shekari ya taka, ta marmashe ƙarƙashin takalminsa. Ya sa diga ya ɓallo curi daga can ƙasa, ya kankare da farce, wurin ya yi sheƙi kamar sabulu. Ya ɗora ɗan guntu a kan harshensa, ya manne. Ya jefa wani a kwanon ruwa, suka tsuguna su huɗu suna kallo. Curin ya fara buɗewa a hankali, yana sakin jiki, har ya rufe gindin kwanon.

"Baba Arɗo," in ji Shekari, "lafiyata ƙalau."

Washegari da hantsi dattawan ruga suka taru a ƙarƙashin tsamiya. Ba wanda ya ƙi a ɗebi lakar. Wani ma cewa ya yi in da hali a kwashe ta duka a tafi da ita, don bara kaɗai ta karya masa karsana biyu. Amma Arɗo ya ɗaga sandarsa.

"Ku ɗiba, amma da magana biyu. Ta farko, burtali ba a taɓa shi, ko taki ɗaya. Ta biyu, ba ma son rami mai tsayayyen baki. Na ga inda aka haƙi kuza lokacin da muka taɓa kai shanu kudu. Masu haƙa sun tafi, ramuka sun zauna suna cin maruƙa. In za ku haƙa, ku yi masa gangare yadda saniya za ta sauka ta hau da ƙafarta."

Shekari ya ce ya yarda, kuma zai gaya musu abin da ba su tambaya ba. Lakar nan ba ta barin ruwa ya tsotse. Ramin da aka haƙa a cikinta, in damina ta cika shi, zai riƙe ruwa har cikin rani sosai. Gangaren kuwa sai a shimfiɗa masa tsakuwa don kada ya yi santsi.

Dattawan suka dubi juna. Ashe babbar wahalarsu ke nan. Da rani sai a kora shanu tafiyar wuni guda zuwa kogi, mata kuwa su yi ta yasar rijiya ɗaya da ba ta isar kowa.

"Kai da kake haƙa wa mutane rijiya," in ji Arɗo, "mu fa?"

"Injin ba nawa ba ne, Baba. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba ni da iko a kansa ba. Amma zan kai maganar da bakina, in lakar ta yi aiki kuma ba zan bar mai injin ya huta ba."

"Ni ma ina can, Hamma," Goggo ta ce wa yayan nata daga inda mata suke zaune. "Rumfata a bakin ƙofarsa take."

Aka daidaita da waɗanda za su yi haƙa, aka fara aiki. Makiyayan ba su saba da diga ba, hannunsu na sanda da igiya ne, saboda haka ranar farko dariya ta fi aiki yawa. Duk da haka cikin kwana biyu suka cika motar har ta durƙusa. Ana ɗaure tamfol da azahar hadari ya taso daga gabas, kafin Benson ya juya kan mota ruwansu na farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya.

Motar ba ta yi taku goma ba sai ta fara juyi a wuri ɗaya, gaba ya koma baya, ta zame a hankali ta tsaya a karkace. Shekari ya diro don ya tura, ƙafarsa na taɓa ƙasa ya kife. Ya yunƙura, ya sake kifewa. A karo na uku bai ma yi ƙoƙarin tashi ba, ya kwanta rigingine ruwa na dukansa, yana ƙyaƙyata dariya yana ɗaga lakar da hannu biyu. "Ita ce! Benson, wallahi ita ce!" Mutanen ruga na tsaye can kan tudu suna kallon ikon Allah. Daga ƙarshe sai da aka harhaɗa dogayen igiyoyi, aka tsayar da bijimai huɗu a kan ƙasa mai tauri, suka jawo motar, Shekari na maƙale a bayanta.

A Kudenda aka shanya lakar a dandamalin siminti har ta bushe ƙayau, aka farfasa ta da guduma, aka kai wa wani mai injin niƙa a Makera. Da farko ya ƙi, ya ce shi hatsi yake niƙawa ba ƙasa ba, sai da Goggo ta je da kanta ta yi masa magana, da sharaɗin Shekari zai wanke injin tas. Aka tankaɗe, gari ya fito lukui, ba ka bambanta shi da na ƙasar waje.

Ranar gwaji kowa ya hallara, har Alhaji ya fito daga ofis. Shekari ya dama garin a bokiti, ya bar shi ya jiƙa, sannan ya zuba a mazurarin gwaji yana duban agogo. Laka mai kyau a hankali take zurarewa. Wannan kuwa nan take ta wuce kamar ruwan famfo. Ya ƙara gari, ya sake, haka dai. Ya zuba a kwalba ya ajiye. Kafin rabin awa garin ya kwanta a ƙasa, ruwa ya taso sama garau.

Alhaji ya dafa kafaɗar Shekari ya ce, "Ba komai, an dai gwada," ya koma ofis. Da faɗa ya yi masa, da Shekari ya fi jin sauƙi.

Kwana biyu bai leƙa rumfar tuwo ba. A rana ta uku Goggo ta same shi a sito, zaune kan ganga, ya tasa kwalbar a gaba.

"Da yunwa za ka kashe kanka saboda laka? Me ta yi?"

"Tana kumbura, Goggo, amma ba ta isa ba. Ba ta kama ruwa. Kin gani, ita daban, ruwan daban. Ta ƙasar waje in kin tsoma hannu sai ta biyo hannun, ta yi yauƙi."

Goggo ta ɗauki kwalbar ta girgiza ta duba.

"Yauƙi ne ba ta yi ba? Ka sa mata kanwa mana."

"Goggo, ba fa miyar kuɓewa ba ce."

"Na sani. Amma ni duk abin da ya ƙi yauƙi a tukunyata, kanwa nake jefa masa. Ka gwada, in bai yi ba ka zage ni."

Shekari ya buɗe baki zai yi gardama, sai ya tsaya. Ya tuna Baturen da ya fara koya masa aiki. In laka ta ƙi kauri, sai mutumin ya ɗebo wani farin gari da yake kira soda ya barbaɗa a ramin. Wata rana iska ta taɓa watso wa Shekari garin a baki, kuma bai manta da yadda ya kama masa harshe ba. Ɗanɗanon kanwa ne sak.

Goggo ta koma rumfa ta dawo da kofin ruwan kanwar da take jiƙawa don miya. Shekari ya tuttule shi duka a bokiti ya juya da sanda. Da farko ba a ga komai ba. Ya ci tuwonsa, ya wanke hannu, ya dawo ya kama sandar, sai ya ji ta yi nauyi. Ya saki, ta tsaya cak a tsakiyar bokiti.

"Goggo, ta zarce!" ya yi ihu. "Ta zama tuwo!"

"Ni na zuba? Kai wane irin mai girki ne da zai juye kofi guda?"

Sati biyu suka yi suna neman ma'auni. Shekari ya jera kwalaben lemo a kan benci, kowace da alamar alli, yana ɗiga ruwan kanwa da cokalin shayi. Goggo ta nuna masa kanwa ba iri ɗaya ba ce. Ta kai shi kasuwar Kakuri tana lasar ta wannan tana ture ta wancan, har ta zaɓi ungurnu mai ƙarfi. Suka kuma gano ya fi kyau a yayyafa wa lakar ruwan kanwa tun tana ɗanya, a rufe ta kwana biyu ko uku, sannan a shanya a niƙa. Ko a gida Shekari ya koma tsayawa a kan Rhoda in tana miya yana tambayar yawan kanwar da ta sa, har sai da ta kore shi da ludayi.

Rijiyar farko a Mahuta aka yi ta, inda mutanen unguwa suka daɗe suna jiran kamfanin. Aka haƙa ramin laka, aka dama, famfo ya kama. Wunin farko lafiya lau. A rana ta biyu, wajen ƙafa sittin, injin ya faɗa cikin yashi mai ruwa, irin wanda ke rufta rijiya. Shekari ya rage gudu, ya tsuguna a bakin rijiyar ya tara hannu a lakar da ke dawowa. Yashi na fitowa a cikinta, tana ɗauke da shi. Ya sa aka ƙara gari buhu ɗaya, ya ci gaba sannu-sannu, zufa na ɗiga daga sanƙonsa. Awa biyu suka yi a cikin yashin nan. Da suka tsallake yashin suka taɓa dutse, ya sa aka zaro bututu a gani. Suka fito sumul, ba wanda ya maƙale. Bango ya riƙe.

A rana ta huɗu aka wanke rijiyar, ruwa ya yi tsiri sama, da farko ruwan toka, can ya washe fari tas. Mata suka ɗauki guɗa. Goggo Dudu, wadda ta rufe rumfa ta biyo su cikin sabuwar atamfa, ta tara kofi ta kurɓa, ta lashe leɓe.

"Babu kanwa a ciki," ta sanar wa jama'a. "Ku sha."

Alhaji Mamman na tsaye a gefe, ruwa ya jiƙa masa babbar riga bai ma kula ba. Shekari da Goggo suka nufo shi tare, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Bai bari sun buɗe baki ba.

"Na sani, na sani. Rijiyar Arɗo. Ku bari ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, da ni za a je."

Damina na wucewa aka koma haƙar laka sosai, da tifa maimakon a-kori-kura. Aka kafa rumfar kwano a bayan yadi, da injin niƙa na kamfanin kansa, da mata takwas daga Kudenda da Makera masu tankaɗe. Goggo ce mai kula da kanwa, ba a sauke buhu sai ta lasa. Amma ta ƙi barin sana'ar tuwo, ta ce ba ta yarda da aikin da ba a hura masa wuta ba. Wasu masu haƙa rijiya da injinansu ke zaune suka ji labari, suka fara aiko motoci, har daga Kano da Minna. Ramin da ake ɗibar lakar kuwa, da gangarensa da tsakuwarsa kamar yadda aka yi alkawari, daminar da ta biyo baya ta cika shi, shanu suka sha har cikin watan Maris.

Tun kafin nan, cikin watan Disamba, injin ya isa Wuro Tilde, Alhaji na biye a motarsa. Kwana biyar aka yi ana haƙa da lakar garin, aka sami ruwa, aka gina kwami dogo na shayar da dabbobi. Ranar da za su tafi, Arɗo ya ja Shekari cikin garke, ya nuna masa wata karsana fara mai baƙin kunne.

"Taka ce."

Shekari ya dubi karsanar, ya dubi Arɗo. Can ya ce, "Baba Arɗo, na gode, Allah ya saka da alheri. Amma ina zan kai ta? Ɗaki biyu ne da ni a Unguwar Mu'azu. Tsakar gidanmu ko keke da ƙyar yake juyawa."

"Wa ya ce ka kai ta? Tana nan cikin 'yan'uwanta, abin da ta haifa naka ne. Kai dai ka riƙa zuwa kana ganinta, don ta san ka."

Shekari ya miƙa hannu zai shafa ta, ta yi huci ta kaɗa ƙaho, ya yi tsalle ya koma bayan Alhaji.

Da ya kai labari gida Rhoda ba ta gaskata ba. Ta ce ita ba ta taɓa ganin mai saniya da ke shan shayi da madarar gwangwani ba. Da hutun Ista ya zo, sai ta ɗaura ɗankwali, ta ƙulla dusa a leda, ta shiga gaban tifa ta ce za ta je ta gani da idonta. Suna isa Shekari ya wuce gaba cikin garke yana taku irin na masu dukiya, ya tsaya gaban wata fara ya nuna.

"Ga ta nan. Kin gani ko?"

Arɗo ya yi gyaran murya. "Wannan ta maƙwabcina ce. Kuma ɗan maraƙi ne, namiji."

Rhoda ta yi dariya har sai da ta dafa turke. Tana cikin haka karsanar gaske ta jiyo ƙanshin dusa, ta ratso garke ta zo ta cusa baki a hannunta. Rhoda ta shafa mata wuya, ta sosa mata bayan kunne, ita kuwa ta tsaya lamo kamar sun shekara tare. Shekari ya matso a hankali, ta juyo ta harare shi, ya koma inda yake.

Daga ranar, duk sa'ad da tifa ta dawo daga gabas, Benson kan biya ta Unguwar Mu'azu kafin ya wuce Kudenda. Sai ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama, ya miƙa kwalbar man shanu, ya ce, "Arɗo ya ce a gai da mai saniya, a kuma gai da mijinta."